MBARI: ƊAKIN KARATUN DUGBE DA YA BA MASU ZANE BANGO

Tarihin da za mu waiwaya a wannan fitowa a bakin kasuwa ya faru, amma ba na goro ko na shanu ba ne. Labarin wani ɗakin karatu ne da aka buɗe a Dugbe, cikin garin nan namu na Badun, a shekarar 1961. An jera littattafai a ɗaki guda, aka kuma ware wani ɗakin domin masu zane su rataya aikin hannunsu a bango, mutanen gari su shigo su gani. In na ce zane, na alƙalami da fenti nake nufi, kada mata su ɗauka na ɗaurawa ne. Sunan wurin Mbari. Bai yi dogon kwana ba, ƙarfinsa bai wuce shekara 6 ba, amma har yau in masana suka zauna zancen yadda zanen zamani ya tashi a Nijeriya, kai har ma a Afirka, sai sun ambace shi. Mu kuwa da muke maƙwabtaka da wurin, da yawanmu ko sunan ba mu taɓa ji ba.

Bari mu fara da yadda garin yake a wancan lokaci. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, aka kafa tasha a Dugbe, layin dogo ya zarce har ya kai Kano a 1911. Tun daga nan Dugbe ta zama matattarar ciniki, ga kantunan Turawa, ga shagunan Kwarori masu sayar da yadi, ga kuma kasuwar 'yan ƙasa. Unguwarmu ta Sabo a 1916 aka yanka ta, iyayenmu suka kafa harkar goro da shanu, da fatomomi masu saukar da baƙi. A shekarun 1962 da 1963, wato daidai lokacin da Mbari ke tashe, wani malamin jami'a daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna cikin Sabo yana binciken zamanmu. Ya ƙidaya Hausawa sama da 4,000, ya kuma fitar da littafinsa a kanmu a 1969. Ke nan abubuwa biyu suna gudana a gari ɗaya, a lokaci ɗaya, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba.

Ɗakin karatu na jama'a kuwa a lokacin baƙon abu ne. Laburaren da aka buɗe a Ikko a 1932 da taimakon kuɗin gidauniyar Carnegie ta Amurka sai an biya kuɗin shiga ƙungiya ake aron littafi, don haka Turawa ne da 'yan bokon da ke da hali suka fi amfana da shi. Jami'ar Badun da aka kafa a 1948 tana da nata babban laburare, amma na ɗalibai ne da malamansu, ga shi kuma tun 1952 jami'ar ta koma mazauninta na bayan gari. A Inugu ne aka buɗe laburaren jama'a irin na zamani a 1959 da haɗin gwiwar hukumar UNESCO. Saboda haka mutumin gari mai son karatu, akawu ne ko malamin firamare ko ɗan kasuwa, wuraren da zai shiga ya zauna da littafi ba su da yawa. Mai zane kuwa nasa ya fi muni, don in ya gama aikinsa, sai dai ya jingine shi a ɗakinsa ya jira Baturen da zai taya.

To, ana cikin haka sai waɗansu samari marubuta suka haɗa kai da wani Bajamushe mai suna Ulli Beier. Shi wannan Beier ya zo Nijeriya a 1950, ya yi aiki a sashen jami'a mai kai darasi garuruwa domin manya, wannan ya sa ya zauna a garuruwan Yarabawa kamar Ede da Ilobu da Oshogbo, ya san mutanensu. A 1957 ya fara fitar da wata mujalla ta adabi da zane mai suna Black Orpheus. Cikin waɗanda suka kafa Mbari tare da shi akwai Wole Soyinka, da J. P. Clark, da Christopher Okigbo, da Chinua Achebe, da Ezekiel Mphahlele, wani malami da ya baro Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata. Suka sami wuri a Dugbe inda wani Kwara ya taɓa yin gidan abinci, suka gyara. Aka fitar da ɗakin littattafai, da ɗakin rataya zane, da ofis, tsakar gidan kuma ta zama filin wasan kwaikwayo da kiɗa. A wannan tsakar gida Fela ya yi wasa a 1963, tun duniya ba ta san shi ba.

Achebe ne ya kawo sunan. A ƙasar Owerri, mbari wani gida ne na laka da mutanen gari kan taru su gina domin abin bautarsu na gargajiya, su cika shi da siffofi, in an gama buki a bar shi ruwa da rana su cinye. Abin da ya ja hankalin samarin a cikin sunan shi ne aikin na gari ne baki ɗaya, kowa da hannunsa a ciki. Sai dai su nasu Mbarin sun saɓa wa na Owerri ta fuska guda, kuma ita ce fuskar da ta sa nake wannan rubutu: ba su bar aikin ya narke ba, sun rubuta shi.

Ga yadda abin yake. Duk ɗan kasuwa ya san hajar da ke cikin sito ba ta da farashi sai an baje ta inda ƙafa ke wucewa. Ɗakin karatu wuri ne da ƙafa ke zuwa don kanta. Wani ya shigo duba jarida, wani neman littafin jarrabawa, wani ma inuwa ya biyo, amma duk wanda ya shigo sai idonsa ya faɗa kan abin da ke bango. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, kuma shi ya fi, mutanen littafi ba su iya barin abu ba suna. In an rataya zane, sai an rubuta wane ne ya yi, daga ina yake, a wace shekara. Sai wani ya yi sharhi a kai a Black Orpheus. Sai Mbari ta buga ɗan ƙaramin littafi da hotunan aikin, kamar yadda take buga waƙoƙin Okigbo da wasan Clark da labarin Alex La Guma na Afirka ta Kudu. Nunin zane kwana nawa ne a sauke shi? Amma takardar da aka buga tana nan a laburarori har gobe.

Waɗanda suka buɗe bangon a 1961 samari biyu ne da suka fito daga kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a shekara mai bi: Uche Okeke da Demas Nwoko. A Zariya su ne suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane a 1958, tare da su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Maganarsu a taƙaice ita ce, mun karɓi fenti da buroshin Bature, amma abin da za mu zana daga gidajenmu za mu ɗauko shi. Uche Okeke ya koma ga adon da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda suke kira uli, ya mai da shi hanyar zanensa. Abin da zai ba mu sha'awa game da shi, mu mazauna Kurmi, shi ne shi ma ɗan zaman baƙunta ne irinmu, sai dai nasa ya juya: a Kafanchan ya tashi, inda mahaifinsa ya je aiki. Kuma a gidansu na Kafanchan ɗin ya fara tara littattafai da kayan zane wuri ɗaya tun yana ɗalibi, daga baya ya kwashe su zuwa garinsu Nimo. Wani abokin karatunsu, Jimo Akolo mutumin Egbe, shi kuma rayuwar Arewa ya fi zanawa, makaɗa da mahaya dawaki da 'yan dambe, shi ma an rataya aikinsa a Mbari a 1962. Ya daɗe yana koyarwa a Zariya, ya mutu a 2023.

Amma wanda na fi so mu tsaya a kansa ba ɗan Nijeriya ba ne. Sunansa Ibrahim El-Salahi, mutumin Sudan, an haife shi a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, irin wadda su can suke kira halwa. Ke nan yadda muka tashi haka ya tashi: tawada, alƙalamin kara, allo, a rubuta a wanke. Har adon da ake yi wa allon yaro in ya kai wani matsayi a karatu, wanda mu muke kira zayyana, su ma suna da shi, suna ce masa sharafa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san hanyar alhazan ƙafa, da yawan 'yan'uwanmu da suka yada zango a Sudan suka zauna.

Salahi ya yi karatun zane a Khartum, daga nan aka tura shi Landan, makarantar Slade, daga 1954 zuwa 1957. Ya dawo gida da ƙwarewa irin ta Turawa, ya baje aikinsa, sai ya ga mutanen garinsu ba su ko ɗaga kai ba. Shi da kansa ya sha ba da wannan labari. Da wani ne, da sai ya ce mutanensa jahilai ne ba su san zane ba. Shi kuwa sai ya shiga dubawa, me mutanen nan suke ratayawa a ɗakunansu? Me idonsu ya saba da shi? Ya tarar rubutun Larabci ne, ayoyi da addu'o'i, da adon tabarma da faifai da fata. Sai ya koma ga harafin da ya koya a gaban mahaifinsa. Ya riƙa jan harafi yana miƙe shi, yana lanƙwasa shi, yana duba sararin da ke tsakanin harafi da harafi, har siffofi suka fara fitowa daga ciki. Launukansa ma na ƙasarsu ne, baƙi da fari da ja-ja da ruwan ƙasa.

Wani mai zane ɗan ƙasar Gayana da ke koyarwa a Khartum, Denis Williams, shi ya haɗa shi da Beier. A 1961 aka kawo aikin Salahi Dugbe aka rataya, a 1962 Mbari ta buga ɗan littafin zanensa. Ku duba wannan abu, jama'a. Ɗan malamin allo daga bakin kogin Nilu, an ɗauko aikinsa da ya tsiro daga allo an kawo Badun, an rataya a inda in ka fito daga Sabo ba ka buƙatar guzuri kafin ka isa. A cikin Sabo kuwa a wannan rana akwai alluna ɗaruruwa jingine a zaurukan malamai. Daga baya Salahi ya sha wuya, gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kobar a 1975, wata 6 ba shari'a, da ya fito ya koma Katar, daga nan Ingila. A 2013 babban gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje aikin rayuwarsa baki ɗaya, shi ne ɗan Afirka na farko da suka yi wa haka. In ana lissafa matakan da ya taka ya kai can, ana sa Dugbe a cikin na farko-farko.

Na san akwai mai karatun da tun ɗazu yake cewa a ransa, to ina hukuncin sura? Tambaya ce mai kyau. Abin da muka koya a Islamiyya shi ne malamai sun yi magana mai nauyi a kan siffanta abu mai rai, kuma gaskiya a aikin Salahi na wancan lokaci akwai fuskoki da siffofin mutane da dabbobi, haka ma yawancin abin da aka rataya a Mbari. Wannan fage ne na malamai, ni ɗan kasuwa ne. Abin da na sani dai, zayyanar allo da adon Alƙur'ani da ɗinkin riga da aikin dukawa ba su shiga wannan saɓani ba, kuma su ne namu.

Bayan Salahi baƙi suka yi ta zuwa. Malangatana daga Mozambik a 1962, ƙasarsa tana hannun Turawan Fotugal a lokacin. Vincent Kofi mai sassaƙa daga Gana. Skunder Boghossian daga Habasha da Ahmed Shibrain daga Sudan a 1963, shi ma Shibrain ɗin da harafin Larabci yake aiki. Sai kuma Jacob Lawrence, baƙar fatar Amurka, wanda ya zo a 1962 da wani sashe na aikinsa mai suna Hijira. Alluna 60 ne ya zana a 1940 da 1941, yana ba da labarin yadda baƙaƙen fata suka riƙa barin kudancin Amurka suna cika jiragen ƙasa zuwa biranen arewa neman abinci da mutunci. Da a ce an kai dattawan Sabo gaban waɗannan alluna, ba sai an yi masu tafinta ba: tasha, ƙunshin kaya, ɗakin haya cike da mutane, wasiƙar gida. Lawrence ya dawo da matarsa a 1964 suka zauna wata 8 tsakanin Ikko da Badun, kasuwanni suka ɗauke masa hankali. A cikin abin da ya zana akwai wanda ya kira Hanyar Mbari, titi ne cike maƙil da 'yan kasuwa da yadi da masu talla. Yana can a babban gidan zane na ƙasa a birnin Washintan.

Wani zai ce, to ai waɗannan duk 'yan boko ne da baƙi, ina mutanen gari? Amsar tana Oshogbo. A 1962 Duro Ladipo, mai wasan kwaikwayo da harshen Yarabanci, ya buɗe reshe a gidan mahaifinsa. Yarabawa suka juya sunan zuwa harshensu suka ce Mbari Mbayo, ma'ana in na gani zan yi murna. A can aka riƙa kiran samarin gari, waɗanda ba su yi makarantar zane ba, a ba su takarda da fenti na 'yan kwanaki a ce kowa ya zana abin da ke ransa. Zaman da Georgina Beier ta jagoranta a 1964 shi ya fi yin suna. Daga nan Twins Seven-Seven ya fito, ɗan rawa ne a da, a 2005 UNESCO ta karrama shi. Jimoh Buraimoh mai gyaran lantarki ne da ke kula da fitilun wasan Ladipo, ya koma yin zane da duwatsun ado, irin waɗanda ake yi wa sarakunansu kambi da su. Muraina Oyelami makaɗi ne. Asiru Olatunde kuwa ɗan gidan maƙera ne da rashin lafiya ya raba da maƙera, ya koma buga siffofi a kan farantin alminiyom. Waɗannan masu sana'a ne kamar na kowace unguwa. Abin da suka samu shi ne bango, da wanda zai rubuta sunansu.

Kada in yi ta yabo kamar maroƙi. Wurin yana da nasa tabon. Kuɗin da aka tafiyar da Mbari da su mafi yawa daga wata ƙungiya suka fito mai mazauni a Faris, wadda ke cewa tana kare 'yancin al'adu. A 1966 da 1967 jaridun Amurka suka tona cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ke zuba wa ƙungiyar kuɗi ta bayan gida, a cikin yaƙin cacar baka da take yi da Rasha. Marubutan sun ce ba su sani ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya masu abin da za su rubuta. Na yarda, aikinsu ma shaida ne. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma wurin da ke tsaye da aljihun baƙo, ran da baƙon ya rufe aljihu sai ya girgiza. Shi kansa Beier hannunsa ya yi yawa a cikin tuwon. Shi ne mai zaɓen wanda za a rataya, shi ne mai buga mujalla, shi ne kuma mai yin sharhi, wani lokaci da sunayen Yarabawa na aro kamar Sangodare Akanji, har ya rubuta wasanni da sunan Obotunde Ijimere. A kasuwa in mutum ɗaya ne dillali, shi ne mai taya, shi ne kuma shaida, ai ka san da magana. Masu sayen aikin Oshogbo ma yawancinsu Turawa ne, kuma mai saye shi ke juya hannun mai yi ko ya so ko bai so ba.

Ƙarshen abin ya zo da ƙarshen zaman lafiyar ƙasa. Juyin mulki biyu a 1966, Beier da matarsa suka bar Nijeriya suka tafi Papuwa Niugini, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Okigbo ya shiga sojan Biyafara aka kashe shi kusa da Nsukka a wannan shekara. Soyinka ya shiga kurkuku, wata 22. Achebe da Uche Okeke suna Gabas. Mbari ta Dugbe ba ta sake komawa yadda take ba. Demas Nwoko dai ya zauna a Badun, ya gina wurin aikinsa a kan tudun Mokola, ga shi nan kusa da mu, ya koma gine-gine, har a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta magina a birnin Banis na Italiya. A 2022 kuma wani gidan tarihi a Norfolk ta Amurka ya tara ayyukan Lawrence da na mutanen Mbari ya sake baje su. Sun iya yin haka bayan shekara 60 saboda sunaye da shekaru suna rubuce.

Yanzu mu dawo gida. A cikin sunayen da tarihi ke ambata na waɗanda suka baje aiki a Mbari, ba ka jin na mai zayyana ko maɗinki daga Sabo. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wuri ne na masu jin Turanci, da dare kuma akwai kiɗa da rawa, dattijon Sabo ba zai ga abin da zai kai shi can ba. Su ma masu wurin idonsu yana kan zanen da ake ratayawa, ba su waiwayi wanda ake sawa a jiki ba. Amma babban dalili a ganina yana wajenmu. Mu ba mu ɗauki waɗannan abubuwa a matsayin aikin wane ba, haja muka ɗauke su. Ɗauki babbar riga mai aska takwas. Akwai wanda ya zana adon a kan yadin da alƙalami da tawada, sau da yawa malami ne ko almajiri, don hannun da ya saba da allo shi ya iya. Akwai wanda ya zauna watanni yana bin zanen da allura. Akwai mai bugu, akwai dillali. Ran salla in an ga rigar sai a ce kai, rigar Alhaji wane ta yi kyau. Sunan mai sawa ake kira. Haka hula, haka gafakar Alƙur'ani, haka allon sauka da ake yawo da shi gida-gida ana sa albarka: ana tuna yaron da ya sauke, ba a tuna wanda ya yi zayyanar. In ka cire irin su Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, gwanaye nawa ne za mu iya kiran sunansu daga shekara 100 da ta wuce?

Abin mamaki, al'adar rubuta suna ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin hannu ya san mai kwafa yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da ranar da ya gama da sunan wanda aka rubuta wa, ya roƙi mai karatu addu'a. Irin waɗannan littattafai suna nan a laburaren Jami'ar Badun, wanda yanzu ake kira da sunan Kenneth Dike. Wani ma'aikacin laburaren mai suna Kensdale ya fitar da jerin sunayensu tsakanin 1955 da 1958, a 1964 kuma John Hunwick ya kafa cibiyar da ke aron littattafai daga hannun malamai ta ɗauki hotonsu ta mayar wa masu su. Ke nan aikin alƙalaminmu ya shiga laburare tun da daɗewa, amma don abin da aka rubuta ake buɗe shi, kyawun hannun da adon gefen shafi ba su ne ake nema ba.

Wanda ya rataya kayanmu a bango da sunan gwaninta, sai da aka je Landan. David Heathcote, wani malamin zane da ya koyar a Zariya, ya bi maɗinka da magina da dukawa yana tambaya yana rubutawa, a 1976 ya baje riguna da huluna da alluna da kayan fata na Hausawa a wani babban nuni, cikin bukin al'adun duniyar Musulmi da aka yi a Ingila a shekarar. Ta hanyar rubutunsa ne sunan Musa Yola, mai yi wa bangon gidaje ado a Zariya, ya shiga littattafai, alhali gidajen laka ba su jure damina da rushe-rushe.

Makarantunmu na Islamiyya da ofisoshin ƙungiyoyinmu, a Sabo ne ko Shagamu ko Agege, kusan kowanne yana da kabad na littattafai da bango wanda ba komai a kansa sai kalanda. Masu zayyana da masu ɗinkin hula kuma suna nan a bakin masallatai, muna wuce su kullum. Abin da mutanen Dugbe suka yi da ya rage har yau bai fi ƙarfin ɗan kati ba: sunan mai aikin, garinsu na asali, wurin wa ya koya, da shekarar da ya yi. A rataya aikin sati biyu kusa da littattafai, a adana katin a cikin kabad, a kuma ɗauki hoton rigar da waya kafin mai ita ya aiko a karɓa ran jajibere.